Cukun da Tambaya ta ɗora a kan taliya

Tambaya ba ta iya zama ba. Tun da ta kama ɗaki a gidanmu na haya a Gusau ban taɓa ganin ta gama magana a wuri ɗaya ba. Za ta fara maki zance a bakin murhu, ta ƙarasa shi a bakin rijiya. 'Yar ruga ce daga bayan Wanke, da tallan nono ta girma. Da ɓarayi suka kore shanun mahaifinta, Baba Hamidu, sai ta ɗauko tsohon suka dawo gari. Ni na koya mata murza taliya, yanzu har ta fi ni ciniki, abin haushi.

To, tsohon nan ya daina cin abinci. Ba ciwo ba ne. Rantsuwa ya yi ba zai ƙara kai nama bakinsa ba, wai duk naman da ke kasuwa wataƙila na shanunsa ne. Daga nan ya shiga zargin kowace tukunya a gidan, har da tawa, ni da nake ganin nama daga Sallah sai Sallah! Ya koma kurɓar kunu kawai. Muna kallo yana ƙarewa, riga ta yi masa yawa. Wallahi na ji tsoro, kuma na ji haushinsa.

Na ce, "Ki rabu da shi, yunwa za ta lanƙwasa shi."

Ta ce, "Inna Lantana, ba ki san Baba ba." Kafin in amsa har ta kai zaure.

Ta dawo da sabuwar tukunya, ta jawo murhu har ƙofar ɗakinsa don ya ga komai da idonsa. Tumatir, tattasai, albasa, karas, kabeji, ga lawashi ɗanye shar, duk a gabansa ta yanka. Ko dunƙulen miya ba ta jefa ba, gishiri ne kawai da man gyaɗa. Ta tashi, ta zauna, ta sake tashi, ta leƙa taliyar da ko tafasa ba ta yi ba.

Sai na ga ta ɗora madarar shanu a wani murhun, bayan ɗaki, ta daddaka reshen tumfafiya ta tace ruwan a ciki. Na yi salati.

"Ke! Tumfafiya? Kashe shi za ki yi ki huta?"

Ta ce haka kakarta take yin cuku a ruga. Ina tsaye madarar ta tsinke, ta dunƙule fari fat. Ta tsame a ɗan kwando, ta yayyanka, ta soya sama-sama. Ta juye taliya cikin ganyen, ta jera cukun a kai, ta dire masa.

Ya ɗauki yanka ɗaya yana juyawa. "Mi kinka sa nan?"

Na yi caraf na ce, "Awara ce, Baba, ta waken suya." Gani nake in ya ji sunan saniya, shi ke nan.

Ya gutsura. Ya daɗe yana taunawa, sannan ya harare ni. "Wagga ba awara ba ce. Nono ne." Ya juya ga 'yarsa. "Ina kinka samo shi?"

Karon farko ke nan da na ga Tambaya ta tsaya cak. Ta ce wajen wasu mata ta saya a bakin tasha, ba ta san su ba, ba ta san shanun waye ba. Na ce a raina yanzu kwanon nan zai sha turi.

Idon tsohon ya kawo ruwa. Can ya ce, "In na shanuna ne, ashe suna nan da ransu. Ba a tatsar wadda anka yanka."

Ya jawo kwanon, ya yi bismillah, ya sa hannu.