Cokali Ɗaya a Kicin ɗin Mama Verna

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba. Karatu kawai na iya, shi ma a lungu. Akwai iyaye mata a unguwarmu da suka fi ni sanin Verna Lindqvist, sun kuma fi ni baki, amma duk wadda na tuntuɓa sai ta ce tana so, lokaci ne babu. Ni kuwa a falon Mama Verna na koyi tafiya, sa'ad da mahaifiyata ke aikin jinya a asibiti, don haka na ga bai kamata a rufe gidan rainon yaranta shiru ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan, ƙarfe shida da kwata na safe fitilar ƙofarta ke kamawa a nan garin Duluth na Amurka. In an kwana ana zuba dusar ƙanƙara, ta riga ta share matakala ta watsa gishiri, don ta san macen da ke ɗauke da jariri a hannu ɗaya da jakar ofis a ɗayan ba ta kallon ƙasa. Sai motoci su fara tsayawa, ba a ma kashe inji. A miƙo yaro, a miƙo jakar kunzugu, a miƙo bayani a guje: bai yi barci ba, haƙori ne, safarsa ɗaya ta ɓace, yau zan ɗan makara. Ita kuwa tana karɓa tana cewa, "Je ki, 'yar nan. Kuma kin bar kofinki a kan rufin mota."

Yara shida take raino, ba ta ƙarawa. Ta san wanda ba ya cin gyaɗa, ta san uwar da ke buƙatar a tura mata hoto da tsakar rana da wadda hoton zai sa ta kuka a gaban abokan aiki. In yaro ya fara tako a hannunta, ba ta faɗa. Takan bari uwar ta gani da idonta a gida, ta zo da safe tana ba da labari, Mama Verna ta riƙe baki tana mamaki.

Labarai suna da yawa, amma na Corinne Haugen zan bayar, don ita ta ba ni da bakinta, ta kuma ce in rubuta.

Corinne lauya ce, tana tsaya wa waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya. Mijinta yana aikin jirgin ruwa, yakan yi makonni bai taka ƙasa ba. Da ta haifi Tobias, hutun mako goma sha biyu aka ba ta, ta kuwa shirya wa komawa aiki kamar yadda take shirya shari'a. Tun mako na uku take tatsar nono, ta zuba a leda, ta rubuta kwanan wata, ta jera a firiza. Leda ɗari da arba'in. Ta kuma bi ƙa'idar da kowa ke bi: a fara da mafi daɗewa, sabon da aka tatsa ya koma can baya ya jira layi.

Da ta koma aiki ta kai shi wurin Mama Verna, sai Tobias ya ƙi fida. Da an kai bakinsa sai ya zuƙa sau ɗaya, ya ture, ya sandare da kuka. Aka sayo kan fida iri bakwai. Mama Verna ta gwada ɗaki mai duhu, ta gwada zagaye falo da shi, ta yafa rigar uwarsa a kafaɗa don ya ji ƙanshinta. A banza. Kullum da rana Corinne takan baro kotu a guje, ta shayar da shi tana kallon agogo, ta koma ba ta sa komai a cikinta ba. Likita ya auna yaron ya ce nauyinsa ya tsaya. Ga shi ranar Litinin za a fara wata shari'a ta mako biyu, wadda ba a fita da rana.

Ranar Alhamis da yamma, bayan an kwashe sauran yara, Corinne ta zauna a kicin ko rigar sanyi ba ta cire ba. Ta miƙo waya.

"Mama, karanta. Gobe zan tura."

"Ba tabarau a idona. Mene ne?"

"Takardar ajiye aiki. Shekara tara ina wannan aiki, amma ba zan tsaya ina kare ɗan wani, nawa yana kwana da yunwa ba."

Mama Verna ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Ta kalli fidar da ke kan tebur. A gidan nan ba abin da ke shiga bakin yaro sai ta ɗanɗana, ko dankalin da aka dama ne, ko maganin tari. Abu ɗaya ne kunya ta hana ta taɓawa duk tsawon shekarun nan. Ta jawo cokali, ta ɗiga nonon, ta kai baki.

"Mama Verna! Nonona ne fa!"

"To na wa zan ɗanɗana, na maƙwabciya?" Ta yatsine fuska, ta nufi famfo. "Sabulu. Wallahi kamar an wanke kwano a ciki. Yaron nan ya fi mu hankali, ni da ke. Kwana tara ina zargin roba, ban zargi abin da ke cikinta ba."

Ta taɓa jin irin haka a wurin wata uwa shekarun baya: nonon wasu mata, in ya kwana a sanyi, ɗanɗanonsa kan juya. Ba ya cutarwa, amma wani jaririn ba zai sha ba.

"Injin tatsarki yana mota? Ɗauko, ki tatso mini sabo. In kin gama ki fita baranda, kar ya ji ƙanshinki."

"A wannan sanyin?"

"Alƙali kike tsayawa gabansa, sanyi ne zai kashe ki? Fita."

Corinne ta ce mini ta tsaya a baranda tana jiran kukan da ta saba ji. Minti biyar, ba kuka. Ta leƙa ta taga, ta hango Tobias ya kama ɗan yatsan Mama Verna, kumatunsa na motsi, fidar ta yi rabi.

Ko da ta shigo, ba murna ta fara yi ba. Leda ɗari da arba'in ta tuna, da duk asubar da ta tashi dominsu, ta fashe da kuka. Mama Verna ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ɗora ƙaramar tukunya ta nuna mata: sabon nono, a ɗumama har ya fara 'yan kumfa a gefe, a sauke kafin ya tafasa, a sanyaya, sannan a adana. "Ba ki da murhu a kotu. Ki riƙa kawo mini da yamma, ni zan ɗora." Wata bakwai tana yi mata haka. Ledojin nan kuwa an ba da su ga jariran da aka haifa bakwaini. Ranar Litinin Corinne ta shiga kotu.

Mama Verna, ke ce wadda sunanta ba ya kan ƙofar kowane ofis, alhali da ƙofarki ba ta buɗe da safe ba, da ofisoshi da yawa a garin nan sun wayi gari da kujeru babu kowa. Ke ce kika raini 'ya'ya, kika kuma raini iyayensu ba tare da sun lura ba. Uwar shida, uwar ɗari. Yanzu gwiwoyinki sun ce ya isa, ba kuwa mai ja da su. Mun gode. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya sa ki koyi barcin safe.

Mu da muka rage, ba kowa zai buɗe gidan raino ba. Amma kowa yana da wata a kusa da shi da ke gab da ajiye abin da ta sha wahalar ginawa, saboda wata 'yar matsala da ba wanda ya zauna ya duba. A zauna a duba.

Ranar Juma'ar da ta rufe, iyaye suka taru a falon da kek da kofi. Na zo da wannan takarda a aljihu da niyyar karantawa. Ina ta jiran a yi shiru sai ga Corinne ta faɗo a makare, kayan kotu a jikinta, fayil a hammata, wayarta na ƙara, Tobias mai shekara shida yana jan ta zuwa wurin kek.

"Lauya," in ji Mama Verna daga kujerarta, "kin ci wani abu yau?"

"Ana jirana, Mama, minti biyu kawai zan..."

"Su jira. Zauna."

Ta zauna. Falon ya ɗauki dariya, kowa ya juya wajensu. Na zura takardar a aljihun rigar sanyin Mama Verna da ke rataye a bakin ƙofa, na sa takalmana, na ja ƙofar a hankali.