Lofen Verner a Bishiyar Tsotso

Verner Kjeldsen ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a garin Odense, kuma ko da ya yi ritaya bai ajiye halin direba ba, sai ya gaya wa kowa inda zai tsaya. Matarsa Birthe ta daɗe da toshe kunne, 'ya'ya sun watse, sai wa'azin ya koma kan jikarsa Asta, 'yar shekara uku. A ce na gode, ban da ƙarya, in an yi alkawari a cika. Duk ta gefen baki yake fitowa, don ɗaya gefen lofe ya tare. Likita ya yi magana, Birthe ta yi mita har ta gaji, lofen nan ko gezau.

Da lokacin raba Asta da robar tsotso ya yi, Verner ya ce shi zai kai ta wata bishiya a lambun gari, inda yara ke rataye tasu su yi mata ban kwana. Suka isa ran Asabar da hantsi, wurin cike da iyaye, rassa sun rankwafa da robobi.

"Asta, babba shi ne mai iya rabuwa da abin da yake so," in ji shi da ƙarfi, don na kusa ma su amfana.

Ta zare robar, ta dube ta, ta dubi bakinsa.

"Kaka, kai ba babba ba ne?"

"Ni? Ba ki ga furfura ba?"

"To rataye naka."

"Ke, wannan lofe ne, ba tsotso ba!"

"Ai tsotsa kake yi. Har barci kake da shi a kujera."

Wata mata ta kau da kai tana danne dariya. Asta ta mayar da robarta baki, ta harɗe hannu tana jira. In Verner ya bar wurin nan da lofe a baki, yarinyar ba za ta ƙara jin maganarsa ba, ga shi ita kaɗai ta rage masa mai saurare. Ya sunkuya ya zare igiyar takalminsa, ya ɗaure lofen a reshe. Asta ta rataye tata a gefe.

A hanyar gida takalminsa mara igiya sai ja yake a ƙasa. Can Asta ta kama yatsansa.

"Kaka, kana so ka yi kuka?"

"Sosai ma."

"To fara, ni ma in yi."