Kibiyoyin Kawu Bukar

Kun dai san Kawu Bukar ba ya fita sai da alli a aljihu. Fiziks yake koyarwa a sakandare, amma bai taɓa yarda darasi yana ƙarewa a aji ba. Duk abin da ya gani sai ya zana shi ɗan akwati, ya jera masa kibiyoyi: wannan nauyi, wannan ja, wannan turjiyar ƙasa. Mu 'ya'yan ƙanwarsa sai dai mu gyaɗa kai, ba don mun gane ba.

Wata rana amalanken Ɗan'azumi mai dako ya cije a hawan Goron Dutse, shaƙe da buhunan gero. Ɗan'azumi ya tokare da ƙirji yana roƙon a kama masa. Kawu ya durƙusa a kwalta ya hau zane, wai sai an san kusurwar gangaren tukuna. Yana cikin jan kibiya amalanken ya ƙwace, ya yi baya, ya faɗa kwata. Kawu ya dubi zanensa ya ce, "Alhamdu lillahi, daidai inda na nuna ya bi." Da ƙyar aka riƙe Ɗan'azumi.

Ranar da allinsa ya ƙare, allo da tawada ya ara ya zana guga a rijiya. Maƙwabciyarmu Hajiya Yagana ta gani a zaure, ta ɗauka hatimi ne, ta wanke ta shanye. Washegari ta aiko da dambu, wai ciwon gwiwarta ya tafi. Kawu ya yi ta rantsuwa guga ne kawai da igiya, ita kuma ta ce malaman ƙwarai haka suke ɓoye asirinsu. Sai Kawu ya ce, "Ban fa gama lissafin ba ta shanye."

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, 'yan kamfe suka zo neman ƙuri'arsa. Ya zana musu ƙasar a matsayin akwati a bango, kowace jam'iyya da kibiyarta, wannan gabas, waccan yamma. Ya ce akwatin ba inda za shi, in an matsa ma tsagewa zai yi. Kafin la'asar labari ya game unguwa cewa Kawu ya ɓoye akwatin zaɓe a gida. Har mai unguwa ya zo dubawa, shi ma aka zaunar da shi darasi.

Da ya kwanta ciwon ajali, tsofaffin ɗalibansa suka cika gidan. Yawancinsu bai gane su ba, amma kowanne sai da Kawu ya riƙe hannunsa ya tambaye shi ko ya ci abinci.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sada mu da shi cikin rahama. Amin.