Dogon Mai Kifi a Kasuwar Malabon

Kullum sai ya sunkuya yake shiga rumfarsa ta kifi, don rufin bai kai tsayinsa ba. Gashinsa fari fat, yatsunsa biyu a karkace. Mang Celso ake kiransa. An ce ya buga wa wani kamfanin sabulu ƙwallon kwando, zamanin da aka fara biyan 'yan wasa albashi. Kunya ta hana ni tambayarsa.

Yau 'yan dako na wasan ƙwallon kwando kusa da rumfarsa, sai ƙwallonsu ta gangaro gabansa.

"Tsoho, jefa mu gani, in kafaɗar ba za ta ɓalle ba!" in ji ɗayansu.

Matarsa na gyaran kifi, ta ce, "Ka kunyata ni a kasuwa, yau ba ka cin shinkafata."

Sai ya ɗaga ƙafa ya shafe ƙasan silifas da tafin hannu, yadda ake yi a filin katako don gudun santsi. A kan siminti mai laka! Ya jefa. Ƙwallo ta zagaya bakin kwandon, ta faɗa ciki.

Bai kalli 'yan dako ba, matar ya kalla. Ina jin tun yana saurayi ita yake jefa wa.

"Sa'a ce," ta ce, tana danne murmushi. "Wanke hannun nan kafin ka taɓa min kifi."