Inna Udil, Wadda Ta Rasu Tana Jiran Bu'alam

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Janairu, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran mahaifiyata, Udil Kesla, a gidanmu da ke wajen Sidi Bal Abbas.

Inna, kakanki sojan Faransa ne. Da ya tuɓe kaki, hukuma ta yanka masa gona daga ƙasar mutanen ƙauyenmu, ya dasa inabi, ya haifi mahaifinki a nan. Ba ki taɓa ɓoye wannan ba. Kikan ce, "Ƙasar ta sata ce, ni dai a kanta aka yanke mini cibiya."

Kika musulunta, kika auri Baba Lahadar, ɗan mutanen da aka kora daga ƙasar da aka yanka wa kakanki. Danginki suka daina gaishe ki. Sai shekarar da Turawa suka kwashe nasu ya nasu, mahaifinki ya tsaya da mota a ƙofar gida ya ce, "Miƙo mini jikana in zagaya da shi, mu yi bankwana." Kika miƙa masa yayana Bu'alam, bai kai shekara uku ba, ko takalmi babu a ƙafarsa. Kafin ki isa tashar birnin Wahran jirgin ruwa ya tashi da su zuwa Faransa.

Sau huɗu kina haye teku nemansa. Da kika je gidan ƙanwarki a can, ta leƙo ta taga ta ce, "Ba mu san wata Udil ba."

Duk da haka ba ki zama mai ɗacin rai ba. Rabin matan ƙauyen nan a hannunki suka haihu. Duk Juma'a kaskon kuskus ɗinki na bakin ƙofa, kuma yaro in ya ɓata a kasuwa, ke ce ba kya zama sai an gan shi.

Da ciwo ya tsananta kika riƙe hannuna kika ce, "Zubaida, ki ci gaba." Na ce to. Inna, ta ina zan fara? Ban san sunan da suka sa masa ba. Ban san ko yana raye ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da ɗanki inda ba a raba uwa da ɗa. Ya ba jikokinki da mutanen ƙauye haƙuri.

Kai kuma Yaya, duk inda kake, ina yi maka gaisuwa. Ba jefar da kai ta yi ba.