Hancin Mota: Ga Malam Lauwali Makanike

Da la'asar ɗin Laraba, sha huɗu ga Agusta, ina lodin busasshen kifi a kasuwar Lolo, ɗanka Hassan ya kira ni ya ce rai ya yi halinsa a asibitin Birnin Kebbi. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Malam Lauwali, ka tafi kana da shekara sittin da huɗu, kai da kake cewa kai da Najeriya sa'annin juna ne, shekarar 'yancin kai aka haife ku, amma ka fi ta iya gyara.

Ni Maliki direba, ba ɗan'uwanka ba ne. Mota ce ta haɗa mu, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

Shekara shida ke nan, 'yar motata ta Kwatano, wadda da ita nake ciyar da mutum tara, ta kama shan mai kamar ana zuba shi a rairayi. Da safe sai kakkarwa da baƙin hayaƙi, ga wata fitila mai ruwan ɗorawa a gabana da ta ƙi mutuwa. Na yi abin da direbobinmu suke yi, na liƙe ta da baƙin salatif don kada ta dame ni. Makanikai uku suka duba. Ɗaya ya ɗora laifin a kan man jarka na bakin iyaka, ɗaya ya canja filogi, na ukun ya ce sai an sauke inji. Har na yi magana da wani ɗan Kamba zai ɗauke ta a kuɗin ƙarfe.

Matata Batulu ce ta matsa mini in zo garejinka na Bagudo. Na iso da rana tsaka, ka dafa bonet, ka janye hannu.

"Bar ta ta kwan nan," ka ce. "Mota in ta yi zahi ƙarya taka yi. Da sahe a ka jin gaskiyatta."

Raina ya ɓaci, don na ga kamar jan rai ne. Ashe duk sauran da zafinta suka gan ta, bayan na sha hanya.

Washegari ka fara da ɓare salatif ɗin, ka harare ni, har yau ina jin kunyar. Ka shiga ƙarƙashinta da mitarka ta gwajin wuta, ka nuna mini wani ɗan ƙarfe a jikin salansa mai wayoyi huɗu. Ka ce hancin mota ke nan, shi yake shinshinar hayaƙi ya gaya wa inji yawan man da zai sha. Ba ya jin wari sai ya ɗumama, shi ya sa aka yi masa ɗan murhu a cikinsa. Ka gwada fiyus, lafiya. Ka gwada murhun, da ransa, amma wuta ba ta isa gare shi. Ka bi wayar da yatsa har ka tarar da inda aka gwaguye ta.

"Ɓera na," ka ce kana dariya. "Kihinka ya biyo."

Ka haɗa wayar, ka naɗe ta, fitilar ta mutu. Ɗan Kamba ya koma hannu wofi, 'ya'yana ba su bar makaranta ba. Da ka so, ka ce a sayo sabon hanci, ba wanda zai gane. Na gode, Malam. Ban taɓa faɗa maka yadda ya kamata ba, kullum sai tsokanar ɓera ta shiga tsakani.

Ranar da ka rasu, Hassan ya nemi motar da za ta kawo ka gida, na ce ba wadda za ta ɗauke ka sai wannan. Ta kwana a ƙofar asibiti cikin ruwan sama. Da safe na murɗa makulli, da sanyinta, ta tashi bugu ɗaya. A nan na kifa kai a kan sitiyari na yi kuka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ga maiɗakinka Inna Atika da Hassan da dukan iyali, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.