Rabon Maƙwabta

Har yau ban manta da ranar da aka kawo mini Baba Mamman bakin tafki ba. Ƙarshen watan Agusta ne na shekarar 2014, lokacin da zafin jihar Maryland yake manne wa mutum a jiki. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo aikin nan a bayana, saboda na ji kuna ƙorafi a kan baƙin da ba sa jin magana a cikin jirgi.

A lokacin na bar wankin jiragen haya da rabon rigunan kariya, an ɗaga ni zuwa jagora. Ga wanda bai san aikin ba, jagora shi ne mai tuƙa jirgi, ya nemo inda kifi yake, ya ɗaura ƙugiya, shi kuma baƙo ya kama ya je gida yana cika baki. Kifin da ake nema shi ne bas, mai ƙaton baki, ya ɗan yi kama da ƙaramin giwan ruwa. Dokar kamfaninmu a kansa ɗaya ce: a kama, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa. Jagoran da ya bar baƙo ya tafi da bas, to ya shirya komawa wankin jirgi.

Ni kaɗai ne Bahaushe a wurin. Iyalina suna Kontagora ana jiran takardu, ni kuma ina wani ɗaki a Silver Spring, daga ni sai firij da tabarmar salla. Sai in yi mako ban furta kalmar Hausa ba in ba a waya ba. Shi ya sa da shugabarmu Linda ta ce wani likita daga Gaithersburg zai kawo mahaifinsa wanda ba ya jin Turanci, na yi murna fiye da yadda na nuna.

Da sassafe Dakta Bashir ya sauke tsohon, ya nuna mini lasisin kamun kifi da ya yankar masa, ya ce yana da aiki a asibiti, sai yamma zai dawo. Baba Mamman dogo ne siriri, da hula da carbi, mutumin Yawuri, ya yi rayuwarsa duka yana su a kogin Kwara. Muka gaisa gaisuwa ta gaske, har gajiya da iyali da mutanen gida. Rabona da irin wannan gaisuwar har na manta.

Matsalar ita ce, a ƙarshen bazara bas ba ya zama inda masuncin kogi yake tsammani. Saman ruwa ya ɗumame, kifin ya yi kasala. Da asuba yakan fito gefen ciyawa ya ɗan yi kiwo, amma da rana ta ɗaga sai ya gangara ƙasa, ya nemi inuwar itatuwan da ruwa ya cinye, ko bakin tsohon kwarin da aka datse aka yi tafkin. Can ƙasa sosai kuma ba ya zuwa, don babu iskar shaƙa. Sai ka nemi tsakiya, ka sa tanar roba da 'yar dalma, ka ja a hankali har ranka ya ɓaci. Manyan ma ba sa bin garke, kowanne yana maƙale shi kaɗai a gindin kututture.

Na yi masa wannan bayanin duka. Ya juya tanar robar a hannu, ya sansana, ya ce, “Yanzu kifin ƙasar ga roba shi ka ci? Allah Ya kyauta.” Ya ce in kai shi bakin ciyawa, shi ya san gidan kifi tun ba a haife ni ba. Ban yi musu ba, ba a musu da tsoho a kan ruwa. Muka zauna a ciyawar nan har hantsi ya yi, rana ta fara dukanmu, ko taɓa ƙugiya ba a yi ba. Ina kallonsa yana sa hannu a ruwa yana girgiza kai. Ruwan bai san shi ba, kuma na ga abin ya yi masa ciwo.

A nan ya faɗa mini abin da ya kawo shi. Ya ce tun da ɗansa ya ɗauko shi bayan rasuwar matarsa, bai taɓa shiga gida da komai a hannu ba. A ba shi ya ci, ya yi salla, ya leƙa taga. Jikoki suna amsa masa da Turanci. Ba ya zargin kowa, ɗansa da surukarsa suna kyautata masa iyakar ƙoƙarinsu. “Amma ɗana,” in ji shi, “ina son yau in yi sallama da kifi a hannuna, ko sau guda.”

Ni kuwa na san dokarmu. Na gaya masa gaskiya cewa a nan in an kama mayarwa ake yi. Ya dube ni kamar na ce masa ana noma a bar hatsi a gona. Duk da haka ya yarda mu koma zurfi.

Na tsayar da jirgi a kan wata itaciya da na sani a bakin kwarin, na nuna masa yadda ake barin dalma ta taɓa ƙasa, a ɗaga kaɗan, a jira. Haƙurin kam yana da shi fiye da ni. Bayan mun yi azahar a cikin jirgi, sai na ga yatsansa ya tsaya cak a kan zare. Bai fizga ba, ya bari kifin ya tafi da shi tukuna, sannan ya ɗaga sandar. Da bas ɗin ya fito ya bugi ruwa, na san a bazarar nan ban ga kamarsa ba. Tsohon ya riƙe shi da hannu biyu yana dariya, hularsa ta karkace.

Na ɗauki rediyon oba-oba na kira Linda. Ta tambaye ni ko kifin ya ji raunin da ba zai rayu ba. Na ce lafiyarsa ƙalau, ba zan yi mata ƙarya ba, amma mutumin nan yana da bukatar ya tafi da shi, kuma in akwai hukunci ni zan ɗauka. Na ba ta labarin a taƙaice. Ta ce dokar jiha ba ta hana ba a wannan lokacin tunda kifin ya kai tsawo, tamu ce ta hana. “Sa masa a ƙanƙara,” in ji ta. “Sau ɗaya, Sani, kada ya zama al'ada.”

Da yamma Dakta ya zo ya ɗauke shi. Baba bai yarda an sa kifin a bayan mota ba, a cinyarsa ya ɗora. Ni kuma na hau hanyar Silver Spring ina jin na yi aikin kirki.

Mako na zagayowa aka sake kawo shi, da 'yar jakar ƙanƙara a hannu. Sai da muka yi nisa da gaɓa ya ba ni labari. A garinsu, in masunci ya kama babban kifi ba ya cinsa da iyalinsa kaɗai, sai an yanka an kai wa maƙwabta rabonsu. Don haka ya gyara kifin, ya cire na gida, ya jera sauran a faranti, ya sa babbar riga ya bi ƙofofin layinsu yana ƙwanƙwasawa. Gida na farko an leƙo ta taga ba a buɗe ba. Na biyu kare ne ya amsa. A na uku wata tsohuwa ta buɗe, ta yi murmushi, ta girgiza kai, ta rufe. Wani kuma ya buga wa Dakta waya a asibiti ya ce mahaifinsa yana yawo a layi da ɗanyen kifi, anya bai rikice ba. Dakta ya roƙe shi da girman Allah kada ya ƙara. Na gidan kuwa surukarsa ta yi masa farfesu mai daɗi, jikoki suka ce akwai ƙaya, Dakta yana wurin aiki, shi kaɗai ya ci.

Ya buɗe jakar ya tura mini. Rabon nan ne duka, kowanne a ledarsa. “Na duba,” in ji shi, “a ƙasar ga kai ne maƙwabcina.”

Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na juya ina gyara injin da babu abin da ya same shi. Tausayinsa ya kama ni, nawa ma ya kama ni, don ni kaina ban san sunan mutumin da muke raba bango da shi ba.

Ranar ma ya kama wani, bai kai na farko ba amma babba ne. Ina shirin buɗe baki in tuna masa maganar Linda, sai na ga ya zare ƙugiyar da kansa, ya sunkuya ya sa kifin a ruwa, ya riƙe shi har ya motsa. Ya ce, “Tafi abinka, ba ni da wanda zan kai ma.”

Da sanyi ya shigo ya ce a mayar da shi Yawuri, aka mayar da shi. Ban sake ganinsa ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Sanin zurfin ruwa da inda bas yake fakewa, wannan kowa zai iya koya a bazara ɗaya. Amma yawancin masu hayar jirgi su kaɗai a ƙarshen Agusta, a cikin zafin da mai hankali ba ya fitowa, ba kifi ne ya fito da su ba. In baƙo ya nace sai bakin ciyawa, ku kai shi, ku zauna, ku bar shi ya yi magana. Ni dai rabon maƙwabtan nan na yi kwanaki ina ci, a tsaye a gaban firij, ni kaɗai.